LASIFIKA SHIDA A FALO, AMMA BA A JIN MAGANA

A 'yan shekarun nan da wuya a sami wani kayan ƙawa da ya shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, tun daga Sakkwato har zuwa Agege, kamar jerin lasifikokin nan da jama'a ke kira hom tiyata, watau silimar gida. Dalili kuwa a fili yake. Akwatin talabijin na zamani ya yi faɗi ya kuma yi siranta, har ya zama babu wurin da maƙera za su dasa lasifika ta kirki a cikinsa, saboda haka magidanci ba ya yin wata uku da sayensa sai ya lura muryar ba ta kai girman hoton ba. Daga nan sai a nufi kasuwar Alaba a Ikko, ko ta Sabon Gari a Kano, a komo da kwali ɗauke da ƙananan lasifikoki biyar da wata ƙatuwa guda mai gurnani, wadda ake ce wa wufa.

Ranar farko murna ake yi. Gilashin taga na rawa, kwanonin da ke cikin kabad na amsawa, yaran maƙwabta na leƙe. Amma kafin mako ya zagayo sai wani ƙorafi ya ɓullo, wanda kusan kowane gida mai irin wannan kaya ya san shi: idan mota ta fashe a cikin fim sai an toshe kunne, idan kuwa mutum biyu suka zauna suna magana sai an miƙa wuya, ana tambayar juna abin da aka ce. Maigida ya ƙara murya, kiɗa ya taso ya firgita jariri. Ya rage, magana ta ɓace. Galibi maganin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya sayo wata wufa wadda ta fi ta farko girma. To, nan ne kuɗi ke zurarewa, gama ciwon ba a can yake ba. Abin da mai kallon fim da mai sauraron waƙar Hausa suka fi bukata yana bakin wata 'yar lasifika da ba a cika kula da ita ba, ita ce ta tsakiya, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin.

ASALIN TA TSAKIYA

Fim ya yi fiye da shekara talatin yana bebe kafin ya buɗe baki. A shekarar 1927 ne kamfanin Warner na Amurka ya fito da The Jazz Singer, inda aka ji ɗan wasa yana waƙa har ya ɗan yi magana, Indiya kuma ta biyo baya a 1931 da Alam Ara. A zamanin nan sauti hanya ɗaya tak gare shi, yana fitowa daga bayan allon silima, wanda aka huhhuda shi da ƙananan ƙofofi domin murya ta ratso. A cikin 1931 ɗin ne kuma wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar raba sauti hanya biyu, hagu da dama, wadda yanzu ake kira sitiriyo. An ce abin da ya tunzura shi shi ne ganin ɗan wasa a gefe guda na allo, muryarsa kuwa tana fitowa daga wani wuri dabam.

Sai dai lasifika biyu suna da wani aibi da babban zaure ke tonawa. Wanda ya zauna daidai tsakiya ne kaɗai yake jin kamar murya daga tsakiyar allo take fitowa. Wanda ke gefen hagu kuwa kunnensa yakan bi lasifikar da ta fi kusa da shi, domin sautinta ne ke fara isa gare shi. Masu binciken kamfanin Bell sun gane haka tun 1933, sa'ad da suka aika da kiɗan wata ƙungiya ta waya daga Filadelfiya zuwa Washinton ta hanyoyi uku, hagu da dama da tsakiya. Tun daga nan duk wani tsari da ya yi ƙarko a silima bai rabu da ta tsakiya ba, daga The Robe na 1953, zuwa tsarin Dolby da Star Wars ya yayata a 1977, har zuwa 1992 da aka fito da Batman Returns da tsarin nan na 5.1 wanda ake gani rubuce a jikin kwali, watau lasifika biyar da wufa ɗaya. Tsarin DTS ya zo da Jurassic Park a 1993, sa'an nan a 2012 aka ƙara wasu lasifikokin a rufin zaure da sunan Dolby Atmos.

A duk waɗannan tsare-tsare, kusan dukan maganar 'yan wasa ta tsakiya ake ɗora wa. Ita ce liman, sauran mamu ne. Abin takaici, a yawancin kwalayen da ake sayarwa da araha ita ce aka fi yi wa ƙwauro, bakinta bai fi murfin gwangwanin madara ba, alhali an zuba ƙarfe da katako a jikin wufa domin ita ce ke jan hankalin mai saye a shago. Ita kuwa wufa, a silima don girgizar ƙasa da aman bindiga aka tanade ta. A 1974 an nuna wani fim mai suna Earthquake da manyan lasifikokin gurnani, har aka ba da labarin ɓarɓashin rufi yana zubowa a wani gidan silima na Holiwud. Wannan ne gadon da mutum yake ɗauka ya kai ɗaki mai ƙafa goma sha biyu.

INDA HAUSA TAKE ZAUNE

Sauti girgizar iska ce. Kunnen matashi lafiyayye yana jin abin da ya kama daga girgiza 20 a sakan guda har zuwa 20,000. Mai kauri yana ƙasa, mai kaifi yana sama. Wayar tarho ta dā tana ɗaukar daga 300 zuwa 3,400 ne kawai, amma da ita aka yi ciniki aka ƙulla aure, domin a wannan tsakani ne fahimtar magana take. A bisa ƙa'idar da aka fi bi a silimar gida, aikin wufa daga girgiza 80 ne zuwa ƙasa, inda babu kalma ko ɗaya. To amma da yake ƙananan lasifikokin araha ba sa iya sauka ƙasa da 150 ko 200, sai a tilasta wa wufa ta hau ta cike gurbin. Tushen muryar namiji kuwa tsakanin 85 da 180 yake. Ka ga ke nan an raba muryar mutum gida biyu, rabi a ƙarƙashin talabijin, rabi a lungu bayan kujera, ga kuma kumburi. Bugu da ƙari, halin kunne ne sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi ya danne mai kaifi da ke bisansa, kamar yadda ƙarar injin niƙa ke haɗiye sallama.

Wannan ɓarna ta fi tsanani ga Bahaushe, saboda harshensa da karin sauti da tsawon wasali yake rarrabe ma'ana. Kukan yaro dabam, kukar miya dabam. Wuyan riga ba shi ne wuyar aiki ba. Garin Zariya da garin tuwo rubutunsu ɗaya, furucinsu biyu. Haka nan bambancin baki da baƙi ɗan ƙyas ne da ke wucewa kamar ƙiftawar ido, kuma can sama yake inda ƙaramar lasifika mai kyau ce kaɗai ke iya fitar da shi. Idan aka dusashe waɗannan, mai sauraro yana jin amo, amma sai ya yi ta cike giɓi da zato, abin da ke gajiyar da shi bai sani ba.

Kiɗan gargajiya ma a kan wannan turba aka gina shi. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, fata tana hawa tana sauka yadda harshe ke yi, har wanda ya san kirari ya gane wa ake kira. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa bisa kalangu, ƙarfin waƙarsa kuwa a kalma yake, da yadda yake jefa ta 'yan amshi su cafe. Kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo haka suke, kiɗa yana yi wa magana shimfiɗa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos kuwa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda. Babu abin da wufa za ta samu a cikinsa ko da ta kai girman randa. Wanda ya kashe albashin wata guda a kan gurnani domin ya saurari waɗannan, ya sayi sirdi ne ba shi da doki.

Ba a ce wufa ba ta da rana ba. Tambarin sarki, da ƙwaryar amada ta Barmani Coge idan an kifa ta a ruwa, da jitar bes ta ƙungiyar Fela, da kiɗan samarin Ikko na yanzu, duk suna da kaurin da ƙaramar lasifika ba za ta iya ba. Amma wufa ta kirki ba a gane inda take a ɗaki; idan baƙo ya shigo ya nuna ta da yatsa tun kafin ya gan ta, to ta yi yawa.

Akwai kuma wani abu da masu shago ba sa faɗa. Tsofaffin faya-fayen garmaho da kaset-kaset na makaɗan Hausa, da yawancin waƙoƙin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar na shekarun 1950 da 1960, da hanya ɗaya aka ɗauke su. Finafinan Hausa kuma galibinsu ba su wuce hanya biyu ba. Lasifika shida ba za su haifar da abin da ba a ɗauka ba. Iyakarta na'ura ta rarraba sautin da dabara, wani lokaci ta ƙara masa amsa-kuwwa ta ƙarya, sai a ji Shata kamar yana waƙa a cikin rijiya. Ga irin waɗannan, a mai da na'ura kan sitiriyo, a bar lasifika biyu na gaba su yi aikinsu.

LAIFIN MASU FIM

Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, da Palace a 1952, 'yan kasuwa Kwarori kuma suka fara shigo da finafinan Indiya, mai kallo na Arewa bai taɓa raina magana ba. Samarin da ba su san Indiyanci ba sun haddace zantukan Amjad Khan a Sholay na 1975, suna maimaitawa a bakin titi har da irin dariyarsa. A can Indiya ma sai da aka buga zantukan fim ɗin a faifai dabam, ban da na waƙoƙi, jama'a suka yi ta saye. Wasannin Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu ba su da fashewar mota ko ɗaya, bakin 'yan wasa ne jarinsu. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa a yau ma, abin da ake bi shi ne zalaƙar mai fassara.

Duk da haka, tun daga Turmin Danya na 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa, sauti ne ɗan bora a wannan sana'a. Akan kashe kuɗi a kan kyamara da sutura da gidan haya mai bene, sa'an nan a ɗauki magana a falo mai tayil inda murya ke dukan bango tana dawowa, janareta na kuka a tsakar gida. Wajen tacewa kuma sai a kwantar da fiyano a kan zancen tun daga farko har ƙarshe, kamar ana tsoron kada a ji shiru. Uwa tana yi wa 'yarta faɗan aure, maganar da ya kamata ta ratsa zuciya, amma kiɗa ya hau kanta ya zauna. Finafinai masu dogon zango na 'yan shekarun nan, irin su Daɗin Kowa da Labarina, sun nuna ana iya gyarawa idan an so, to amma har yanzu da sauran aiki. Abin da ya lalace tun daga wurin ɗauka kuwa, lasifika mai tsada ƙara tona shi take yi.

Kada a ɗauka Turawa sun tsira. Sa'ad da Christopher Nolan ya fito da Interstellar a 2014, da Tenet a 2020, masu kallo a Amurka da Ingila sun yi ta kukan ba sa jin abin da ake faɗa a cikin harshensu na haihuwa, shi kuwa ya nuna da gangan ya yi. Ra'ayinsa ne, amma labarin da sai an karanta rubutu a ƙasan allo kafin a bi shi ya rage wa kansa daraja. Ban da wannan, manyan finafinai don zauren silima ake auna su, inda aka yarda ƙara ta kai desibel 105 a kowace lasifika, bango kuma an lulluɓe shi da abin da ke shanye amo. Tazarar da ke tsakanin raɗa da aradu a can, falo ba zai iya ɗaukarta ba. Shi ya sa ake sa wa amfilifaya wani maɓalli na dare, mai rage wannan tazara, da wani wurin ƙara wa ta tsakiya murya ita kaɗai. Ƙarin desibel 2 ko 3 a nan yakan kashe gardamar gida ba tare da an kashe ko kwabo ba.

WAT NA KWALI DA WAT NA GASKIYA

Babu inda ake yi wa mai saye rufa-ido kamar wajen wat. A ga kwali an rubuta masa, alal misali, wat 5,000 da manyan baƙaƙe, a gefe kuma da ƙananan haruffa PMPO, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Mai hankali sai ya juya na'urar ya duba bayanta, inda aka rubuta yawan wutar da take sha. Na'urar da ke shan wat 60 daga bango ba ta da inda za ta samo 5,000 ta bayar. Lambar da ke da ma'ana ita ce mai alamar RMS. Ko ita ɗin ma ba a cika fahimtarta ba, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Lasifikar gida mai kyau tana ba da desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak, idan an tsaya mita guda daga gare ta. Abin mamaki kuma, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba saurin ƙona lasifika, saboda idan ta gaza sai ta riƙa aika da gurɓataccen sauti mai zafafa 'yar lasifikar sama.

Masu sayen kayan gwanjo su lura da wuta: na Amurka don bolt 120 aka yi su, wutar ƙasar nan kuwa 230 ce, kuma soket ba ya yin gargaɗi sau biyu. Sitabilaiza ma ba ado ba ce a inda wuta ke hawa da sauka.

Sa'an nan ga ɗakin kansa, wanda shi ne rabin na'urar. Gidajen yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, duk masu mai da sauti ne. Mutum ya tsaya a tsakiyar falo ya tafa hannu sau ɗaya. Idan ya ji wani zirin ƙara ya biyo baya, to darduma mai kauri da labule da kujerun kushin za su yi masa abin da sabuwar lasifika ba za ta yi ba. Tsohon ɗakin soro mai daɓe da tabarma da jeren kwalla ya fi falon zamani daɗin magana nesa ba kusa ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, saboda haka ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kumbura amon da ke wajen girgiza 43, ya yi yawa a jikin bango, ya ragu a tsakiya. Masana suna da wata dabara: a ɗora wufa a kan kujerar da ake zama, a sa kiɗa, a zagaya gefen bango a durƙushe ana saurare, inda kaurin ya fi fita sumul, nan ne mazauninta. Ta tsakiya kuwa a fito da ita daga cikin kabad zuwa bakin kanta, ta fuskanci kunnen mai zama. Na hagu da dama su yi daidai da tsayin kunne, kada a rataye su can kusa da silin don gudun yara, na baya kuma a gefen kujera, ɗan baya kaɗan. A duba waya: ja ga ja, baƙi ga baƙi. Idan aka juya ta a lasifika guda, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai murya ta watse kauri ya zube.

KUNNE BA YA TOHO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara mai yawa. Ma'aunin da ake bi a masana'antu shi ne desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kacal. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, waɗanda idan sun mutu ba sa sake fitowa, kuma waɗanda ƙara ke fara kashewa su ne na wajen girgiza 4,000, daidai inda baƙaƙen magana suke. Watau mai murɗa na'ura domin ya ji zance, zancen ne zai fara rasawa. Ƙaramin yaro da ke kwance kusa da wufa ba shi da bakin da zai yi ƙorafi. Maƙwabci kuwa yana da shi, domin kauri ne ke ratsa bango ya bar waƙar a baya, dokar hana ƙara ta 2009 da hukumar NESREA ke kula da ita kuma tana bayansa, ko da yake a gidan haya kafin a kai ga hukuma zumunci ya riga ya taɓu.

Wanda ya ƙudura sayen sabon kaya, to ya tafi kasuwa da nasa abin gwaji a cikin waya, kada ya dogara da na mai shago, gama shi kiɗan da ke girgiza ƙirji zai sa, ya murɗe shi har ƙarshe a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ya nemi a kashe wufa tukuna, a rage murya zuwa yadda ake hira, a sa labarun rediyo na minti biyu, sa'an nan waƙar Ɗanmaraya guda. Idan ya ja da baya taku huɗu yana rarrabe kowace kalma, yana kuma jin yatsa na taɓa tsirkiya, sai a shiga ciniki. Idan kuɗin bai kai na shida masu kyau ba, ya ɗauki biyu na gaba da amfilifaya mai wurin ƙari, ta tsakiya ta biyo baya daga kamfani ɗaya da su domin muryarsu ta zo iri ɗaya, wufa da na baya kuma su jira wata shekarar.